Rangwamen tsofaffin wasannin kwamfuta: wanne za a saya, wanne za a bari a shago?

Ƙarshen watan Yuni da ƙarshen Disamba su ne manyan lokutan da shagunan wasannin kwamfuta na intanet ke karya farashi. Steam da GOG, inda aka fi samun wasannin da, sai su cika shafinsu da lambobi: wannan an rage masa kashi 75 cikin 100, wancan 80, wani har 90. Wasan yuro 9.99 in aka zabge masa kashi 75 ya dawo 2.49. Tunda yuro guda sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka, kuɗin ya kama wajen sefa 1,630, bai ma kai jika biyu ba. Nan take hotunan farashi za su fara yawo a wayoyin samarin Yamai, kowa na tambayar ɗan'uwansa wanne zai ɗauka kafin a rufe.

A ganina lambar rangwamen ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba. Wasan da ya fito a 1999 ya daɗe da mayar wa masu shi kuɗinsu, don haka duk lokacin da aka buɗe rangwame yana ciki, kuma galibi a kan farashi ɗaya. Ban da manyan lokutan nan biyu akwai wasu a tsakani, wajen Maris da wajen ƙarshen damina, ga ƙananan na mako-mako. Agogon nan da ke ƙirga saura awa kaza a saman shafi an sa shi ne don a ɗaga maka hankali. Abin kamar kasuwar Baleyara ne, in ta watse yau Lahadi, wata Lahadin tana nan. Mai shakka ya leƙa IsThereAnyDeal ko SteamDB, shafuka ne da ke ajiye tarihin farashin kowane wasa, zai ga sau nawa aka sauko da shi da kuma mafi ƙanƙantar kuɗin da aka taɓa sayar da shi.

Abin da ya fi cancanta a fara dubawa shi ne kwamfutar da ke gabanka. Yawancin waɗanda ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata a nan na gwanjo ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai kafin su iso: RAM, wato ma'ajiyar aiki ta injin, gigabait 4 ko 8, babu katin hoto na daban sai ɗan na Intel da ke haɗe da injin, batir kuwa ya riga ya gaji. Wannan ba abin kunya ba ne, domin ga wasan 1998 irin wannan na'ura ta wuce buƙata nesa ba kusa ba. Matsalar takan zo ne ta wata fuska. Tun 1 ga Janairun 2024 manhajar Steam ta daina tallafa wa Windows 7, 8 da 8.1. Ke nan za ka iya sayen wasan da aka yi don Windows 98, kwamfutarka ta fi ƙarfinsa sau ɗari, amma ƙofar da za ka bi ka buɗe shi ta ƙi ka saboda Windows ɗinka ya tsufa.

A nan ne bambancin shagunan biyu ke fitowa, kuma ga mutumin Yamai ba ƙaramin bambanci ba ne. Steam na kamfanin Valve ne na Amurka, ya fara a 2003, kuma akasarin wasannin da ka saya a can ta cikin manhajarsa suke buɗewa. Yana da tsarin yin wasa babu intanet, gaskiya ne, amma sai ka fara shiga asusunka tukuna, kuma manhajar kan sabunta kanta lokaci-lokaci, tana cin forfe ba tare da ta nemi izini ba. GOG kuwa kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ne ya kafa shi a 2008, musamman don farfaɗo da tsofaffin wasanni, kuma ba ya sa wa kayansa makulli, wato tsarin da ke hana wasa buɗewa sai da izinin shago. Ka saya, ka sauke fayil ɗin girkawa, ka zuba a kile ko a faifan ajiya na waje, shi ke nan. Ko an goge kwamfutar gaba ɗaya wajen mai gyara, ko an shafe mako babu intanet, kayanka na aljihunka. Wasannin zamanin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, su ma suna zuwa a shirye tare da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura, ba sai ka yi ta fama da saiti ba.

Wannan batu na mallaka ba surutun masana ba ne kawai. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe sabar, wato babbar na'urar intanet da ke riƙe da wasan tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014, kuma duk wanda ya saya ya tashi da wasan da ba ya buɗewa. A Oktoban 2024, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake saye, Steam ya fara rubutawa a wurin biyan kuɗi cewa lasisin amfani kake saye. A takarda na GOG ma lasisi ne. Sai dai fayil ɗin da ya riga ya shiga kile ɗinka babu mai zuwa Bukoki ya ƙwace shi. Don haka in wasa yana shagunan biyu kuma bambancin kuɗin bai wuce sefa ɗari biyu ko uku ba, ni na GOG nake ɗauka. Amma a sani, rashin makulli ba izinin raba wa unguwa ba ne, naka ne da na'urorinka.

Sai girman wasa. Farashin da ke shafi bai haɗa da forfe ba, kuma a nan ne araha kan zama tsada. Doom na 1993 ƴan megabait ne. Heroes of Might and Magic III cikakke bai wuce wajen gigabait guda ba. Amma sabbin bugu da aka yi wa tsofaffin wasanni, waɗanda aka gyara musu hoto da sauti, wasunsu gigabait gommai ne. Wasan jika biyu da zai cinye forfen jika goma kafin ya sauka, a kan layin da ke katsewa tsakar dare, ba wasan jika biyu ba ne. Girman na rubuce a shafin kowane wasa, can ƙasa inda ido ba ya saurin kaiwa.

Batun sabon bugu da tsoho shi ne tarkon da ya fi kama mutane, domin suna ɗaya ne, kaya daban. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Heroes III ɗin nan. Kamfanin New World Computing ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1999, aka bi shi da ƙari biyu, Armageddon's Blade da The Shadow of Death, sannan a 2000 aka haɗa su wuri guda da sunan Complete. A 2015 Ubisoft ya fitar da HD Edition a Steam. Wanda bai sani ba zai ce ai sabo ya fi. To wannan sabon bugun wasan farko kaɗai ke cikinsa: babu ƙarin nan biyu, babu gari na tara, babu na'urar da ke ƙirƙiro sabuwar taswira duk lokacin da aka so, wadda ita ce ke sa wasan ba ya ƙarewa. Complete da ke GOG shi ne cikakke, kuma masoyan wasan sun yi masa gyaran hoto kyauta da ke daidaita shi da faffaɗan allon yau, da wani babban ƙari mai suna Horn of the Abyss, shi ma kyauta.

Na tsaya a kan wannan wasa ne domin ban san wani da ya dace da zamanmu kamarsa ba. Wasan bi-da-bi ne: kana da gari da jarumai a taswira, kana tara itace, dutse, zinariya da sauran ma'adinai, kana gina gari, duk mako sabbin mayaƙa su fito ka ɗauka. Ka gama tafiyarka ta yini, ka danna, na gaba ya karɓa. Yana ajiye kansa a kowane zagaye, saboda haka in kuran ya ɗauke kuma batir ya mutu, abin da ka rasa bai wuce tafiya guda ba. Ba ya wahalar da inji, wanda a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da fankar kwamfuta ke kuka cike da ƙura, ba ƙaramar riba ba ce. Sannan har mutum takwas na iya yin sa a kwamfuta ɗaya. A fada haka ake yi: a ɗora ta kan benci kusa da mai shayi, wanda zagaye ya zo kansa ya juya allon wajensa don kada a ga inda ya ɓoye rundunarsa, sauran na ta hira. In ya daɗe yana lissafi sai ka ji an ce, "Haba Yaya, shayi na biyu ya sauka kana nan kana ƙirga maharba." Shi kuma ba zai ɗago kai ba, sai dai ya ce, "Ka bari ƙanena, garinka nake aunawa." Saye ɗaya, mutum huɗu ko biyar sun sami abin yi har dare ya raba. Worms Armageddon na 1999 ma haka ake miƙa linzami hannu zuwa hannu, kuma shi ko yaro ya gane shi cikin minti biyar.

Ba kullum tsohon bugu ke fin sabo ba. Doom da Doom II da aka haɗa aka sake fitarwa a 2024 sun yi kyau, haka Command & Conquer Remastered na 2020. Amma Warcraft III: Reforged na 2020 da tarin Grand Theft Auto (GTA) guda uku da aka sabunta a 2021 sun sha suka sosai lokacin fitowarsu, kuma abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne an janye na asalin daga kasuwa don a ba sabon wuri. Kafin ka biya, karanta ra'ayoyin waɗanda suka saya, na baya-bayan nan, ba na shekara goma da suka wuce ba. Shafin PCGamingWiki kuma yana bayyana bambancin bugu da bugu da irin gyaran da kowanne ke buƙata a Windows 10 da 11.

Harshe ma abin dubawa ne. Masu sharhi na Turai da Amurka in suka jera fitattun wasannin da, ba sa rasa Planescape: Torment na 1999, Fallout 2 na 1998 da Baldur's Gate II na 2000. Sun cancanta. Sai dai wasannin karatu ne, Planescape kaɗai kalmomin cikinsa dubban ɗaruruwa ne, kuma da Ingilishi mai wuya. Wanda ya yi makaranta da Faransanci ya buɗe jadawalin harsuna a shafin wasan ya tabbatar akwai Faransanci, ya kuma lura ko rubutu ne kaɗai ko har da murya, domin yakan faru bugun wani shago yana da shi, na wani babu. In babu, kuma Ingilishinka na gaisuwa ne, bar shi komai yabon da aka yi masa. Akwai waɗanda ba su damu da harshe ba: RollerCoaster Tycoon na 1999, inda kake gina wurin shaƙatawa kana lissafin riba, ko Pharaoh shi ma na 1999, inda noman garinka ya dogara da ambaliyar kogin Nilu, shekarar da ruwa bai cika ba rumbu ya zauna wayam. Wanda ya taɓa ganin lambunan bakin kogi a nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wani ɗan abu da ke rikita sabon shiga: kwamfutocin da suka zo daga Faransa da Beljiyam madannansu AZERTY ne, wasannin kuwa an tsara su a kan QWERTY. Sai ka danna gaba, ɗan wasanka ya tsaya cak, ko lambobin zaɓen makami su ƙi aiki. Ba wasan ne ya lalace ba. Ko ka sauya madannan a cikin saitin wasan zuwa Z, Q, S, D, ko ka ƙara tsarin Ingilishi a Windows ka riƙa juyawa da Alt da Shift.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a kashe musu ko dala ba, domin masu su sun sake su kyauta. StarCraft na 1998 kyauta ne tun 2017. The Elder Scrolls na farko da na biyu, Arena da Daggerfall, kyauta ne, haka Beneath a Steel Sky na 1994. OpenTTD, wanda aka gina a kan tsarin Transport Tycoon Deluxe, da OpenRA mai farfaɗo da tsofaffin Command & Conquer, da 0 A.D. mai ɗauke da daulolin Kush da Kartaj, duk aikin sa-kai ne. Shagon Epic ma duk Alhamis yana ba da wasa kyauta. Wanda bai taɓa yin wasan dabarun yaƙi ba ya fara gwada waɗannan ya ga ko jininsa ya haɗu da irinsu.

Abin takaici, wasannin da suka fi zama a zukatan waɗanda suka taso a gidajen wasa da sibar na Yamai su ne ba a samu. Wasan ƙwallo Pro Evolution Soccer 6 (PES 6) na 2006 ba ya Steam, ba ya GOG. Need for Speed: Underground 2 da Most Wanted na 2005 ma haka. Wasan da ke ɗauke da sunayen ƴan ƙwallo, tambarin ƙungiyoyi, motocin gaske da waƙoƙi, haƙƙin amfani da su na ƴan shekaru ne, in ya ƙare sai an sake biya. Wannan ne ma ya sa a 2014 aka cire wasu waƙoƙi daga GTA: San Andreas na Steam. Saboda haka in wani ya turo maka saƙo cewa yana da lambar buɗe wasan PES 6 ta asali a rangwame, turo jika uku ta waya, kuɗinka yake so. Shafukan da ke sayar da lambobin wasa a farashin da ya fi na shago sauƙi su ma a yi hattara: wata lambar an ɗaure ta da wani yanki na duniya, ba za ta buɗe a Nijar ba, wata kuma da katin sata aka saye ta, ranar da aka gano sai a janye wasan daga asusunka. Araha ba ta ado.

Masu son ganin nahiyarmu a cikin wasa suna da zaɓi, amma nauyinsu ya bambanta ƙwarai. Civilization IV na 2005 yana da Mali ƙarƙashin Mansa Musa, yana tafiya lafiya a kwamfutar gwanjo, shi ma bi-da-bi ne. A nemi Complete, wanda ya haɗa da Beyond the Sword na 2007, domin da shi wasan ya cika. Civilization V na 2010 ya kawo Songhai da Askiya, babban birninsa Gao, nan sama da mu a bakin kogi, sai dai ya fi nauyi kuma ta Steam yake buɗewa. Age of Empires II ya sami ƙarin The African Kingdoms a 2015, da Mali, Habasha da Berber, har da labarin Sunjata, kuma duk suna cikin Definitive Edition na 2019. Hausawa kansu sun shiga Age of Empires III a 2021 ta ƙarin The African Royals: Sarauniya Amina ce jagora, Kano ce cibiya, akwai mahaya masu lifidi, akwai dakarun da ake kira Maigadi, mayaƙan kuma da Hausa suke amsa umarni. Daɗin ji ne ba kaɗan ba. Amma ƙari ne, sai ka mallaki Definitive Edition na 2020 tukuna, ba ya hawa kan na asalin 2005, girmansa gigabait gommai ne, kuma ƙaramin katin Intel zai sha wuya da shi. Mai RAM 4 ya kalli bidiyonsa ya haƙura zuwa ranar da ya sauya na'ura.

Wanda zai saya wa yara ya tuna cewa tsufan wasa ba ya mayar da shi na yara. Doom da Diablo cike suke da jini da siffofin shaiɗanu, GTA kuwa na ƴan shekara 18 ne zuwa sama. Lambar PEGI da ke jikin wasa, mai nuna shekarun da ya dace da su, 3, 7, 12, 16 ko 18, ita ce jagora ta farko, bidiyon minti goma na yadda ake yin wasan ya fi ta.

Biyan kuɗi shi ne inda da yawa ke tsayawa. Shagunan nan kati suke karɓa, don haka sai Visa ko Mastercard, galibi irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a yi amfani da shi, kuma sai an buɗe masa sayayyar intanet. Tambayi bankinka abin da yake cira a kan kowace sayayya daga waje. In kuɗi ne tsayayye a kan kowane biya, tara wasanninka a kwando ɗaya ka biya sau guda, kada cajin ya kusa kai kuɗin wasan. In farashin da dalar Amurka yake, lissafin zai ɗan motsa da canjin ranar, ba kamar yuro ba. In kuma da katin wani yayanka za a biya, a yi sayen a cikin asusunka kai, ko ya aiko maka a matsayin kyauta. Wasan da ya shiga asusun wani ba ya fita.

Lokaci ɗaya ne gaggawa ke da hujja: in an sanar za a janye wasa daga kasuwa. A Disamban 2024 aka cire Warcraft na farko da na biyu daga GOG bisa buƙatar kamfanin Blizzard mai su, bayan an ba da sanarwa tun da wuri, kuma waɗanda suka riga suka saya nasu na nan. Irin wannan ranar ta gaske ce, ba ta agogon talla ba.

Da za a ba ni jika biyar a ce in zaɓa wa mai kwamfutar gwanjo a Talaje, Heroes III Complete zan fara ɗauka, in bi shi da Civilization IV Complete in ya sauko sosai, canjin da ya rage in bar shi a kati. Wasa biyu irin waɗannan sun isa shekara. Tarin wasa ashirin a jika huɗu yana da daɗin gani, amma in guda ɗaya kake so a ciki, kuɗin guda ɗayan ka biya, har da ƙari. Kuma duk abin da ka saya, girka shi a ranar ka gwada. Steam na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka yi wasan ya kai awa 2 ba, GOG kuwa kwana 30 yake bayarwa ko da ka sauke ka buɗe. Awa biyun Steam na ƙirguwa ne muddin wasan na buɗe, har da lokacin da kake fama da saiti, don haka in ya ƙi tashi daidai, rufe shi kafin ka tafi neman magani.